A GYARA WURI, A KORI MAI WURI?

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Mun buga ta yadda ya faɗe ta, domin waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Shugaba, dattawa iyayenmu, mata iyayen gida, manoma da 'yan kasuwa, salamu alaikum.

Mun gode muku da kuka bar rumfunanku da jigonku kuka zo. Maganar da ta tara mu yau maganar wurin zama ce da wurin neman abinci, watau gida da gona da rumfar kasuwa. Ba ta zaɓe ba ce, saboda haka ko da akwai wanda ba namu ba a cikin taron nan, ya zauna ya ji, shi ma tasa ce.

Akwai wani abu da yake faruwa a manyan biranen duniya, har masu ilmi sun rubuta littattafai a kansa. Ga yadda yake. Unguwar talakawa tana nan shekara da shekaru, ba lambatu, ba famfo, ba wanda ya kula da ita. Ran nan sai masu kuɗi su lura wurin yana kusa da ruwa ko kusa da tsakiyar gari. Sai su zo da zane a takarda, su ce za su gina dogayen benaye na haɗaka, kowane mai saye da nasa ɓangaren, a shuka itatuwa, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, a tara ruwan sama, a yi wurin shan iska. Suna kiran wannan koren gini, wai domin ba ya ɓata ƙasa. To, wa zai ƙi itace? Wa zai ƙi inuwa? Ba kowa. Amma da an gama, sai kuɗin fili ya tashi, kuɗin haya ya bi shi, mai shago ya ƙara wa mai tebur, mai gida ya ƙara wa ɗan haya. Kafin shekara biyar sai ka nemi mutanen unguwar ka rasa. Sau da yawa ba wanda ya ɗaga musu sanda. Tsada ce ta kore su.

A birnin Seul na ƙasar Koriya ta Kudu akwai wani rafi da aka binne, aka yi babbar hanyar mota a kansa. Daga 2003 zuwa 2005 hukumar birnin ta rushe hanyar, ta tone rafin, ta shuka masa itatuwa, duniya duka ta yi ta yabo. 'Yan tebur kuwa da suke ciniki a bakin wurin, aka kwashe su zuwa wani tsohon filin wasa. Ba a daɗe ba aka rushe filin wasan, aka sake kwashe su. Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin abin da tashi biyu yake yi wa ciniki, tun da mai saye wuri ya sani, ba suna ba.

Kada mu yi nisa. A Ikko akwai unguwar da ake kira Maroko, a bakin ruwa. A watan Yuli na 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba su kwana 7, aka kawo motocin rusau aka baje ta. Mutanen da suka rasa matsuguni an ƙiyasta sun kai 300,000. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa yana cinsa, ba shi da kyau ga lafiyarsu. Da suka tashi sai aka cike kwarin da yashi, yau yana cikin wurare mafi tsada a Nijeriya. Ashe kwarin yana cikuwa, ba a dai ga dama a cike shi ba ne sa'ad da talaka yake ciki. Haka kuma kasuwar Tejuosho, a Ikko ɗin, ta ƙone a 2007, aka sake gina ta da bene da wurin ajiye motoci, aka buɗe a 2014. Kuɗin shago ɗaya ya shiga miliyoyi, da yawa daga cikin tsofaffin masu rumfuna suka koma bakin titi suna kallon wurinsu daga nesa.

Mun san abin da wani yake faɗi a ransa yanzu. Yana cewa, Malam Akawu, Wurno ba Ikko ba ce, wa zai zo ya gina bene goma a Achida ko a Gandi? Gaskiyarka. Amma mu a nan an riga an yi mana irin wannan gyaran, sai dai ba da bene aka zo ba, da dam aka zo. Kuma koren da aka yi mana alkawari ya fi nasu, domin mu cewa aka yi ƙasarmu za ta yi kore rani da damina.

Ku tuna Bakolori. An fara gina wannan dam a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1974, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Yanzu wurin yana Jihar Zamfara, amma a lokacin jiha ɗaya muke. Alkawarin da aka yi shi ne za a shayar da hekta wajen 23,000, a yi alkama da shinkafa sau biyu a shekara. Ruwa ya ci garin Maradun da ƙauyukan da ke kewaye, aka kai dubban mutane tudu mai tsakuwa aka ce ga sabon gari. Waɗanda gonakinsu suke ƙasa da dam kuwa, aka hana su shuka domin ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, wasu damina biyu, wasu uku. Aka sare ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, itatuwan da kakanni suka bari, waɗanda mata ke samun kalwa da man kaɗe da miya daga gare su. Ku duba fa, aikin da aka ce na kore ne, da saran itace ya fara.

Sai maganar diyya. Aka yi ta kai mutane ana kawowa, yau a ce takarda ba ta iso ba, gobe a ce sunanka ba ya ciki. Mutumin da ya yi shekara uku bai noma ba, da me zai ci da iyali? Sai ya ci bashi, bashi ya kai shi ga jingina, jingina ta kai shi ga sayarwa. Su wa suka saya? Waɗanda ke da albashi da waɗanda ke da jari, ma'aikata da 'yan kwangila da attajiran birni, waɗanda za su iya jira har ruwa ya iso. Ran da ruwan ya iso magudana, da yawa daga cikin masu gonakin asali sun zama 'yan ƙwadago a gonakin ubanninsu.

Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin aikin suka ce sai an biya su. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kusa, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi sawun abin daga baya sun kawo lissafin 386. Alhaji Shehu Kangiwa ne gwamna a lokacin, Alhaji Shehu Shagari kuwa shugaban ƙasa, kuma a cikin wannan shekarar ce gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirinta na juyin noma, wanda a Turance aka laƙaba wa sunan kore. Ba mu faɗi wannan don mu tone kabarin kowa ba, Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. A yi adalci kuma: zamanin Janar Gowon aka fara aikin, zamanin Janar Obasanjo aka gama, zamanin farar hula aka zubar da jini. Soja da farar hula duk sun sa hannu. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, ba wanda ya tambayi mai gona kafin a ja layi a kan taswira.

Mutanen Rabah, ku ba a kawo muku bindiga ba, amma kun biya naku kason. Kafin dam, kowace damina gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, ya bar laka, a yi shinkafa, ruwa ya janye a bi danshi da albasa da dankali da rogo, Sarkawa su yi su a tafkuna. Da aka datse ruwan a sama, malalar ta ragu. Wani Bature malamin jami'a, William Adams, ya bi fadamar nan ƙauye ƙauye bayan an gama dam, ya rubuta cewa shinkafa ta ja baya, mutane sun koma gero da dawa a inda dā shinkafa ce, kifi ya ragu, masunta da yawa sun bar gida. Wannan hasara ba a sa ta cikin lissafin aikin ba, ba a kuwa biya kowa ko anini a kanta ba.

Namu na Goronyo, a kan Gulbin Rima, an gama shi a 1984, aka buɗe a 1992. An gina shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, yana kuma shayar da birnin Sakkwato har Birnin Kebbi. Ba mu ce ba shi da amfani ba. Wanda ya ce haka ya yi ƙarya, domin ga albasa da tafarnuwa da shinkafa ana lodi daga ƙasar nan zuwa kudu. Amma a watan Satumba na 2010, da ruwa ya fi ƙarfinsa, wa ya kwana a kan tudu ba rufi? Mutanen ƙauyukan Goronyo da Wurno da na ƙasa da su. Har gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ruwan ya karya. In ruwa ya yi daɗi, mai famfo a birni da mai injin ban-ruwa su ke sha. In ya yi fushi, gidan ƙasa yake fara ci.

To, me ya sa muka ta da wannan magana yanzu? Domin abu biyu sun haɗu a kanmu.

Na farko, rashin zaman lafiya ya tura mutanen ƙauye cikin gari. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a watan Yuli na 2018, da mutane suka gudo Gandi, ba a daina gudu ba. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 a cikin kasuwar Goronyo kanta aka kashe mutum fiye da 40, wasunku suna wurin, ba sai mun ba ku labari ba. Duk wanda ya gudo yana neman ɗaki. Ɗaki ya yi tsada, fegi a bakin gari ya yi tsada. Gonar da aka gudu aka bari kuwa ta faɗi, domin mai ita ba ya iya zuwa, ga yunwa. Watau a lokaci guda abin da talaka zai saya ya hau, abin da zai sayar ya sauka. Dillali bai taɓa samun kasuwa irin wannan ba.

Kwanan baya wani dattijo ya zo ofishinmu da takarda a ninke cikin hula, ya ce mu karanta masa. Shi a saninsa jingina ya yi, ya karɓi kuɗi kaɗan domin ya kama wa iyalinsa ɗaki biyu a gari, in ƙura ta lafa ya fanshi fadamarsa. Muka buɗe takarda, sai ga shi an rubuta da Turanci cewa ya sayar har abada, ga dangwalen yatsansa, ga shaidu biyu waɗanda bai san su ba. Da muka fassara masa, bai ce kome ba, sai ya mai da takardar cikin hula. Mun yi makaranta, an koya mana Turanci, amma ran nan mun ji kunyar Turancin.

Na biyu, kuɗin gyaran ƙasa suna shigowa. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, watau shingen itatuwan da ƙasashen Afirka suka amince a 2007 za su shuka domin tare hamada. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 495 domin gyaran ayyukan ban-ruwa a Arewa, Bakolori da kwarin Rima na tsakiya suna ciki. Muna maraba. Mu da rairayi ke binne wa gonaki, mu za mu ƙi itace? Sai dai ku riƙe wannan: duk inda magudanar ruwa za ta bi, ko titi, ko rukunin gidaje, akwai waɗanda suke ganin taswira tun kafin ku ji labari. Su ne za su zo muku da fara'a su taya gonar da jiya ba mai so. In ka ga baƙo ya taya maka tudu mai tsakuwa da kuɗin fadama, kada ka ce Allah ya kawo wawa. Tambayi abin da ya sani wanda ba ka sani ba.

Yanzu bari mu gaya muku abin da doka ta ce, domin jahilcinta ya fi ita kanta cutar da mu. Tun 1910 Turawa suka yi shela cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a 1962. A 1978 gwamnatin soja ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka da Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai da wahala. Bisa ga wannan doka, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kai kuwa abin da kake da shi ikon zama da amfani ne. Filayen birni gwamna ke bayarwa, na karkara ƙaramar hukuma. Gwamna kuma yana da ikon ya sa hannu a takarda ya ce wuri kaza ya zama birni daga yau. In an karɓe wuri domin amfanin jama'a, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da ka ɗora a kai, watau gini da shuka da rijiya da itatuwa. Mun ce wannan doka ba ta yi wa manomi adalci ba, domin fadamar da ta ci da gida tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗinsa a Wurno ya kuma rasu a nan a 1837, ba a auna ta da kuɗin albasar shekara ɗaya.

Amma ko a cikin wannan doka akwai abin kamawa, kuma ba a gaya muku. Sashe na 36 ya ce wanda yake noma wuri a karkara tun kafin 1978 yana nan a kan ikonsa kamar an ba shi takarda, yana kuma iya kai zanen gonar ƙaramar hukuma a rubuta sunansa. Sashe na 28 ya ce ba a karɓe wuri sai domin amfanin jama'a, kuma sai an ba mai wurin sanarwa. Kotun Ƙoli ta sha rushe ƙwacen da aka yi ba tare da an miƙa wa mai wuri takardar sanarwa ba. Sashe na 6 kuwa ya ce in an karɓe gonar da mutum yake nomawa bisa ikon gargajiya, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar. Wajibi, ba alfarma ba. Akwai kuma dokar 1992 da ta ce kafin a yi babban aiki irin dam ko babban rukunin gidaje sai an auna illarsa, an baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Akwai ta 2011 da ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ofishin gwamnatin tarayya ya nemi takardun aiki, a amsa masa cikin kwana 7. Hukumar kogunan nan ta tarayya ce, saboda haka wannan doka ta hau kanta.

Malamanmu kuma suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure. A shari'a akwai shuf'a. In gona ko gida na gado ne ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon su biya kuɗin su karɓe. Gidaje nawa aka raba da fadamarsu ta hannun yaro ɗaya mai son babur, alhali 'yan'uwansa ba su san suna da wannan iko ba?

Abin da muke nema ga hukuma ba shi da yawa. Duk aikin da za a kawo ƙasar nan, na ruwa ne ko na itace ko na gidaje, a kafa taswirarsa a ƙofar hakimi da bakin kasuwa, da Hausa, da boko da ajami, tun kafin safiyo ya kafa fegi ɗaya. A biya diyya kafin mota ta shiga gona, ba bayan ta fita ba. In an gyara fadama, a mai da kowa kan tasa, a kuma ba shi abin da zai ci a shekarun da aka hana shi shuka, domin a nan ne mutanen Bakolori suka faɗi. In za a sake ginin kasuwa, a rubuta sunan kowane mai rumfa da mai tebur tun tsohuwar tana tsaye, har mai tuyar ƙosai da mai fura da 'yan gwari da ke shimfiɗa buhu a ƙasa, a kuma yanka kuɗin sabuwar rumfa a gabansu, a bar su su biya kaɗan kaɗan. Mata su aka fi mantawa a irin wannan lissafi, domin ba su da rasit, ba su kuwa zuwa ofis. In an gina gidaje a filin gari, a ware kaso na masu ƙaramin ƙarfi da 'yan gudun hijira, a kuma karanta sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a, mu ji ko 'yan gari ne ko 'yan uwan masu rabo.

Ku kuma ga naku. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, kuma mai karantawar kada ya zama wanda mai saye ya zo da shi. In jingina ce, a rubuta kalmar jingina da ranar fansa. Masu fadama ɗaya su haɗu su ƙirga itatuwansu da rijiyoyinsu, su rubuta, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya ajiye kofe. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan albasa da mahauta da 'yan koli su buɗe littafin rumfuna tun yanzu, kada a jira gobara.

Ofishinmu yana buɗe kowace ranar kasuwa daga hantsi har la'asar. Duk mai takardar gona ko ta fegi ko ta rumfa ya kawo, za mu karanta masa, mu rubuta masa kofe da Hausa, ba ko kwabo, ba kuwa za mu tambaye shi katin jam'iyya ba. Matan da ba su fita su aiko 'ya'yansu. Mutanen Rabah da Gandi da hanya ta yi wa wuya su ba direbobin tasha saƙo, za mu zo mu same su.

Shugaba, mun gama. Mai tambaya ya ɗaga hannu.